Yadda Ake Gardamar FIFA Da Hujja: Riga Kawai Ake Canzawa Ko Akwai Sabon Abu?

Duk shekara, da zarar watan Satumba ya doshi ƙarewa kuma kamfanin EA Sports ya fitar da sabon wasansa na ƙwallon ƙafa, sai tsohuwar gardama ta dawo gidajen gem da majalisun matasa. Wani zai rantse cewa an sauya wa tuwo suna ne kawai, an ɗinka wa 'yan wasa sabbin riguna an ƙara lamba a jikin kwali, wani kuma ya ce duk mai faɗin haka bai iya riƙe hannun gem ba, shi ya sa bai ji bambancin ba. Na zauna a irin wannan majalisa sau da dama, kuma abin da yake damuna shi ne yadda ake kwashe awa biyu ana ɗaga murya alhali kowane ɓangare yana riƙe da wata gaskiya, sai dai abin da suke aunawa ne ya sha bamban. Wasan da aka fara a 1993 da sunan FIFA International Soccer, wanda ya haura shekara talatin yana fitowa babu fashi, har ya sauya suna zuwa EA Sports FC a 2023 bayan kamfanin ya raba gari da hukumar FIFA, ya cancanci a yi masa muhawara mai tushe. Ga hanyar da nake ganin ta fi dacewa a bi.

Kafin ka kawo hujjarka ta farko, ka tambayi abokin gardamarka a kan wace na'ura ya buga wasan. Wannan tambayar kaɗai tana kashe rabin rigimar, domin suna ɗaya ne a jikin kwali amma abin da ke ciki ba ɗaya ba ne. Lokacin da FIFA 22 ya fito a 2021, sabuwar fasahar motsin 'yan wasa da kamfanin ya kira HyperMotion tana cikin na PlayStation 5 da sabbin Xbox, amma ba a saka ta a na PlayStation 4 ba. Haka abin yake tun baya: FIFA 17 ya koma kan injin Frostbite ya kuma zo da labarin matashin ɗan wasa Alex Hunter, amma wanda ya buga shi a PlayStation 3 bai ga ko ɗaya daga cikin biyun ba. To idan aka lura cewa gidajen gem da yawa a garuruwanmu sukan daɗe a kan tsohuwar na'ura saboda tsadar sabuwa, za a gane cewa mai cewa bai ga wani canji ba sau da yawa abin da idonsa ya gani yake faɗa, shi ma mai cewa an sabunta komai nasa idon bai yi masa ƙarya ba. Ka kuma tambaye shi a wane wata ya buga, saboda kamfanin yakan riƙa aiko da gyare-gyare ta intanet bayan fitar wasan, har ta kai bugun da yake shiga raga cikin sauƙi a watan Oktoba ya zama gola yana kama shi a watan Maris. Na'urar da ba a taɓa haɗa ta da intanet ba tana nan a kan wasan ranar farko.

Idan kun daidaita a kan na'ura, abu na gaba shi ne ku rarraba wasan, ku daina yi masa hukunci a dunƙule. Akwai sunayen 'yan wasa da riguna da filaye da gasanni. Akwai yadda wasan yake a hannu, wato yadda ɗan wasa yake juyawa da karɓar ƙwallo da ƙwace ta. Akwai sassan da ake bugawa, kamar horar da ƙungiya da wasan titi da Ultimate Team, inda ake tara katunan 'yan wasa a haɗa ƙungiya. Sannan akwai maganar kuɗi. Mafi yawan gardamar da ba ta ƙarewa tana faruwa ne saboda mutum ɗaya yana magana a kan na farko, ɗayan yana ba shi amsa da na biyu.

Batun sunaye da riguna bai kamata ya ɗauke ku lokaci ba, kuma a ganina bai kamata a lissafa shi cikin ƙirƙira ba. Duk wanda ya yi zamanin PlayStation 2 ya san faifan Winning Eleven da ake yi wa kwaskwarima a kawo kasuwa da sabbin 'yan wasa da sabbin riguna, shekaru bayan Konami ta daina fitar da wasan a kan wannan na'ura, alhali wasan da ke ƙarƙashi shi ne na jiya. Wannan ya isa ya nuna cewa sabunta sunaye aiki ne da ake iya yi ba tare da an taɓa zuciyar wasan ba. Duk da haka kada ka raina nauyinsa wajen masu saye. Wasan 1993 ƙungiyoyin ƙasashe kawai yake da su da sunayen ƙage, sai a FIFA 96 aka fara amfani da sunayen 'yan wasa na gaskiya, kuma wannan lasisin yana cikin manyan dalilan da suka sa FIFA ya yi wa abokin hamayyarsa fintinkau a kasuwa, a daidai lokacin da masu buga PES, wato wasan ƙwallon Konami da aka fi sani da Winning Eleven a da, suke haƙuri da Man Red a madadin Manchester United da North London a madadin Arsenal. Shigowar Gasar Zakarun Turai cikin FIFA 19, bayan shekara goma tana hannun Konami, nasara ce ta cinikin lasisi. Komawar Juventus zuwa Piemonte Calcio a FIFA 20 kuma asara ce ta wannan fannin. Ka ambace su a matsayin haka, kada ka shigar da su cikin hujjar cewa an sabunta wasan ko an lalata shi.

Inda muhawarar take da nama shi ne yadda wasan yake a hannu, kuma a nan nake so ka fi daɗewa. Ma'aunin da na fi yarda da shi mai sauƙi ne: shin dabarar da kake cin wasa da ita bara tana aiki bana kamar yadda take? Idan tana aiki ba tare da ka sauya komai ba, mai cewa an maimaita yana da hujja. Idan kuwa wasan ya tilasta maka sake koyon wani abu, to an taɓa shi da gaske, ko canjin ya yi maka daɗi ko bai yi ba.

Misalin da ya fi fito da wannan fili shi ne FIFA 12, wanda ya fito a 2011. Kafin shi, tsaron baya abu ne na danne maɓalli guda: ka danne, ɗan wasanka ya bi mai ƙwallo har ya ƙwace, idan ka ƙara danne wani maɓallin ma abokinsa ya zo ya taya shi. A FIFA 12 aka kawo tsarin da suka kira Tactical Defending, inda danne wannan maɓallin yake sa ɗan wasanka ya tsaya gaban mai ƙwallo da ɗan tazara yana tare masa hanya, kai kuma sai ka zaɓi lokacin da za ka miƙa ƙafa da kanka, idan ka yi gaggawa a yanke ka a wuce. Na ga tasirin wannan da idona a wani gidan gem, inda wani matashi da aka san ba a iya tashinsa daga kujera ya zauna yana danne maɓallin kamar yadda ya saba, yatsansa har ya yi fari, 'yan bayansa kuma suna ja da baya suna kallon mai ƙwallo yana shigowa da'ira. Bayan an zura masa ta uku sai ya juya wurin mai gidan ya ce, “Yaya, hannun nan ya lalace, a canza min.” Aka canza masa, abin bai sauya ba. Hannun lafiyarsa ƙalau, kiɗan ne ya canza, rawar kuma ba ta bi ba tukuna. Ƙorafin masu wasa a kan wannan tsari abu ne da kamfanin ya hango, shi ya sa ya bar zaɓin komawa tsohon salon tsaro ga mai so, kuma gidajen gem da yawa sun daɗe a kan tsohon. Ka lura da abin da wannan yake koyarwa a muhawara: mutanen da suke kukan ba a canza komai ba, da yawansu su ne suka shiga saiti suka kashe canjin da aka yi.

Akwai wasu misalan irin wannan da za ka iya riƙewa. FIFA 10 ya ba da damar juya ɗan wasa ta kowace kusurwa, alhali a da hanyoyi takwas kawai yake iya bi, kuma wannan ya sauya yadda ake yanka gaba ɗaya. FIFA 19 ya kawo danna maɓallin bugu sau biyu, na biyun a daidai lokacin da ƙafa za ta taɓa ƙwallo. FC 24 ya kawo PlayStyles, wato baiwa ta musamman da ake ba wasu 'yan wasa wadda ba ta dogara da lambobin ƙarfinsu kaɗai ba. Amma kada ka ɗauki sunan da aka buga a talla a matsayin hujja. Kowace shekara akwai sabon suna mai ƙyalli, kuma wasu daga cikinsu ba ka jin su a hannu ko kaɗan. Sunan fasaha iƙirari ne na mai sayarwa, hujja kuwa ita ce abin da ya faru a fili.

Saboda haka, idan da hali, ku yi gwaji maimakon musu, tun da gani ya kori ji. Ku ɗora wasan bara da na bana a kan na'ura iri ɗaya, ku zaɓi ƙungiyoyi biyu da ba su yi sauyin 'yan wasa sosai ba, ku daidaita tsawon wasa da saurinsa da wurin da kyamara take, ku kuma tabbatar saitin taimakon fasin da bugu iri ɗaya ne a duka biyun, domin bambancin saiti kaɗai yakan sa wasa ɗaya ya zama kamar biyu. Kada ku yi hukunci da wasa guda, ku buga aƙalla uku a kowanne. Ku sa ido a kan abubuwa ƙayyadaddu: yadda ɗan wasa yake tsayar da ƙwallon da aka aiko masa da ƙarfi, tsawon lokacin da mai tsaron baya mai nauyi yake ɗauka kafin ya juya, ko ƙwallon da aka zura tsakanin 'yan baya tana wucewa ko ana tare ta, yadda gola yake yi da bugun nesa, da kuma ko gudu kaɗai ya isa a ci wasa. Wannan na ƙarshen yana da muhimmanci, domin akwai shekarun da ɗan wasa mai sauri irin Ahmed Musa yake fi wa mai buga gem amfani fiye da wanda ya fi shi lamba, akwai kuma shekarun da aka rage wa gudu ƙarfi. Wanda ya zo majalisa da sakamakon irin wannan gwaji, maganarsa ta fi ta wanda ya kalli talla a waya nauyi.

Sannan ku yarda a kan tazarar da kuke aunawa. Idan aka jera FIFA 20 da FIFA 21, mai cewa an maimaita zai yi rinjaye cikin sauƙi. Idan aka jera FIFA 11 da FIFA 17, babu mai adalcin da zai ce wasa ɗaya ne. Jerin wasan da yake fitowa duk shekara haka ɗabi'arsa take, canjinsa kamar girman yaron da kake gani kullum ne, ba ka lura sai wanda ya daɗe bai gan shi ba ya zo. Amma ka kiyaye, wannan hujjar ba ta wanke kamfani gaba ɗaya, saboda mai saye ba sau ɗaya yake biya a shekara shida ba, duk shekara ake neman ya biya cikakken farashi, wanda ya kai kusan dala 70 a kan sabbin na'urori.

Idan kana ɓangaren masu cewa ana maimaitawa, hujjarka mafi ƙarfi ita ce abin da ake kira Legacy Edition. Daga FIFA 20 zuwa FIFA 23, wanda aka sayar a kan Nintendo Switch yana ɗauke da wannan suna, kuma kamfanin da kansa ya bayyana cewa riguna da 'yan wasa kawai aka sabunta, ba a ƙara wani ci gaba a yadda ake bugawa ba. A 2020 shafin IGN ya mayar da martani ta hanyar kwafo sharhinsa na bara ya sake buga shi a matsayin sharhin FIFA 21 na Switch, ya ba wasan maki 2 cikin 10. Ka yi amfani da wannan, amma ka faɗi iyakarsa, wato na Switch ne da tsofaffin na'urori, kada ka shafa shi a kan duk jerin, domin abokin gardamarka zai kama ka da sauri.

Idan kuma kana ɓangaren masu kare wasan, darasin Konami yana hannunka. A 2020 kamfanin ya yi abin da mutane suka daɗe suna nema: ya fito fili ya kira PES 2021 sabuntawar kakar wasa, ya sayar da shi a farashi mai rahusa, ya ce yana gina sabon wasa daga tushe. A ƙarshen Satumban 2021 aka fitar da eFootball 2022 kyauta, a kan sabon inji, da sabon suna, amma ya zo da kurakurai masu yawa da fuskokin 'yan wasa da suka karkace, babu kuma Master League, sashen horar da ƙungiya da masoya PES suka fi ƙauna. Ya shiga sahun wasannin da suka fi shan suka a dandalin Steam, har kamfanin ya nemi afuwa, cikakken gyaran kuma bai iso ba sai watan Afrilun 2022. Garin neman gira aka kusa rasa ido. Abin da za ka fitar daga nan shi ne sabon abu ba ya zama alheri don kawai sabo ne, kuma wasan da miliyoyin mutane suka saba da shi a yatsunsu yana da haɗari a rushe shi a dare ɗaya. Sai dai adalci ya sa ka ƙara da cewa matakin farko na Konami, wato kiran sabuntawa da sunanta da rage mata farashi, shi ne ya fi kusa da gaskiya ga mai saye.

Daga nan muhawarar za ta kai ku ga tambayar da ta fi kowace: me ya sa dole sai an fitar da sabo duk shekara? Wani ɓangare na amsar yana cikin ƙwallon ƙafa kanta. Kamfanin Ubisoft ya iya tsallake 2016 bai fitar da babban Assassin's Creed ba bayan an fara gajiya da salonsa, ya dawo a 2017 da Origins wanda aka gina a tsohuwar Masar da sabon tsarin faɗa. Wasan ƙwallo ba shi da wannan sararin, domin kakar wasa tana buɗewa duk watan Agusta, 'yan wasa suna sauya ƙungiya, dokokin kuma su ne dai na goma sha ɗaya da goma sha ɗaya da raga biyu. Ba za a zargi kamfani da cewa filin bara ne ya dawo da shi ba. Ɗaya ɓangaren amsar kuwa kuɗi ne, kuma wanda ya bar shi a waje bai gama muhawara ba. Ultimate Team, wanda aka fara a 2009 a matsayin ƙari a kan FIFA 09, ya zama babbar hanyar samun kuɗin kamfanin. A rahotonsa na shekarar kuɗi ta 2021, EA ya nuna cewa wannan sashe, a dukkan wasanninsa na motsa jiki, ya kawo dala biliyan 1.62. Katunan 'yan wasan da mutum ya tara ba sa bin sa zuwa sabon wasa, sai ya faro daga tushe. Tsarin sayen ƙunshin katin da ba ka san abin da ke ciki ba kuma shi ne ya sa hukumar kula da caca ta Beljiyam ta ɗauki irin wannan ciniki a matsayin caca a 2018, har EA ya daina sayar da makin FIFA da ake sayen ƙunshin katin da shi a ƙasar a farkon 2019. Idan ka haɗa waɗannan, za ka fahimci abin da ya sa Ultimate Team yake samun sabon abu kusan kowane mako, alhali masu son horar da ƙungiya su kaɗai sun shafe shekaru suna kukan an manta da su. Don haka ka tambayi abokinka wane sashe yake bugawa. Mai buga wasan mutum biyu a kujera ɗaya, kamar yadda aka fi yi a gidajen gem, kusan duk wannan sabuntawar ba ta iso gare shi ba, kuma ƙarin ƙungiyoyin mata na ƙasashe 12 a FIFA 16, ko wasan titi na Volta a FIFA 20, ko Rush na biyar da biyar a FC 25, duk da cewa ƙari ne na gaskiya, ba lallai ne ya taɓa buɗe su ba.

Akwai tarko guda da nake so ka kiyaye a kanka kafin ka nuna shi a kan wani, shi ne begen zamanin da ya wuce. Da yawanmu idan muka ce PES 6 na 2006 ya fi duk abin da ya biyo baya, muna tuna bugun ƙafar hagu na Adriano da abokan da muke zama da su da ƙuruciyarmu ne, duk a haɗe. Wasan yana da kyau ƙwarai, ba na musun haka, amma kafin ka kafa hujja da shi ka koma ka buga shi yau na rabin awa, ka ga abin da ya rage na wannan daɗin da abin da ƙwaƙwalwa ta ƙara masa. Idan har yanzu ya riƙe ka, sai ka faɗi takamaiman abin da yake da shi wanda na yanzu ya rasa, kamar saurin amsa umarnin hannu ko nauyin ƙwallo.

Idan za ku rufe zaman, kada ku nemi wanda ya yi nasara a kan jerin gaba ɗaya, ku yanke hukunci a kan shekara guda da na'ura guda da sashe guda. Nawa hukuncin shi ne FIFA 10 da FIFA 12 sun cancanci kuɗinsu domin sun sauya yadda ake buga wasan, FIFA 17 ya cancanta ga mai PlayStation 4 amma ba ga mai PlayStation 3 ba, na Switch daga FIFA 20 zuwa FIFA 23 kuwa bai kamata a sayar da su da sunan sabon wasa ba. Ga wanda yake buga wasan mutum biyu kawai, ba ya shiga intanet, shawarata ita ce ya riƙa tsallake shekara ɗaya ko biyu, sai dai idan gwajin da ya yi da hannunsa ya nuna masa cewa dabararsa ta bara ta daina aiki.